Sharhi: A wasan harbin jirage, hannun mai wasa ya kamata ya ƙware kafin jirginsa

Duk wanda ya taɓa sauke wasan harbin jirage a wayarsa ya san yadda lamarin yake tafiya. Ɗan ƙaramin jirgi a ƙasan allo, abokan gaba na kwararowa daga sama, harsasai na zuba kamar ruwan ƙanƙara. Matakai biyu ko uku na farko a wuce su salin-alin. A na huɗu ko na biyar sai a ci karo da katanga, bindigar jirgin ta koma ba ta ko yi wa abokan gaba susa. Daga nan wasan zai nuna mafita: a koma matakan baya a tara taurari, a kalli talla, ko a sa kuɗi.

Wannan tsari na ƙarfin da ke zauna wa mai wasa ko da jirginsa ya tarwatse, da makamai da jiragen da ake kullewa sai an cika sharaɗi, ya zama ruwan dare. Shi kansa tsarin ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne a lokacin da aka gina wahalar wasa ta yadda ƙwarewa ba za ta fid da mutum ba, sai dai tari.

Asalin irin waɗannan wasanni ba haka yake ba. Kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders a 1978, Namco ya biyo da Galaga a 1981, Konami da Gradius a 1985, sannan Irem da R-Type a 1987. Dukkansu an yi su ne don manyan akwatunan da ake girkewa a gidajen wasa, inda ake jefa tsabar yen 100 a yi zagaye ɗaya. In rayukan jirgi suka ƙare, komai ya tafi. Abin da ya rage kawai shi ne maki da 'yan haruffan suna a allon gwanaye. A Gradius ma, harsashi ɗaya ya isa ya raba mutum da duk makaman da ya tara, ya bar shi da jirgi mai tafiyar hawainiya a tsakiyar wuta.

Kada a ɗauka masu akwatunan nan waliyyai ne. Su ma kuɗi suke nema, kuma da gangan suke tsananta wasan don layi ya riƙa motsawa. Sai dai akwai adalci guda a cikin cinikin: jirgin da sabon shiga ya samu shi ne na gwani. Bambancinsu yana cikin ido da yatsu da haddace inda kowane abokin gaba zai ɓullo. Daga nan ne al'adar kammala wasa da tsaba ɗaya tak ta samo asali, wadda har yau ita ce ma'aunin gwaninta a wasanni irin su DoDonPachi na kamfanin Cave, wanda ya fito a 1997.

Da wasannin suka shigo gida, lissafi ya canja. Wanda ya sayi faifai da tsada ba zai ji daɗi ba in wasan bai wuce na minti talatin ko arba'in ba, haka kuma in ya kasa wuce mataki na biyu. Raptor na 1994 da Tyrian na 1995 suka kawo kanti a tsakanin matakai, inda ake sayen makamai da kuɗin cikin wasa. Kamfanin Treasure ya bi wata hanyar a Radiant Silvergun na 1998. A na'urar Sega Saturn an sa masa tsari biyu: ɗaya irin na gidan wasa, ɗaya kuma yana ajiye ƙarfin makamai daga wannan zama zuwa na gaba. Mai rauni yana iya kaiwa ƙarshe da naci, gwani kuma filinsa na nan ba a taɓa ba. A Ikaruga, na kamfanin dai, wanda ke wasa a gida yana samun ƙarin damar ɗorawa daga inda ya mutu gwargwadon awannin da ya shafe. Jirgin bai ƙara ƙarfi ba ko kaɗan, lokacin koyo kawai aka ƙara wa mai shi.

R-Type Final na 2003 ya zo da jirage 101, abin burgewa ga mai son tarawa, ko da yake wasunsu ba sa buɗewa sai an cika awanni ana tuƙa wani jirgin. Zaman jira dai ba gwaninta ba ce.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wayar hannu. A jerin Sky Force na kamfanin Infinite Dreams da ke Poland, ana tara taurari don ƙarfafa jirgi, ana kuma buƙatar lambobin yabo kafin mataki na gaba ya buɗe, kamar kakkaɓo dukkan abokan gaba, ko ceto dukkan mutanen da ke ƙasa, ko gama mataki ba tare da harsashi ya taɓa jirgi ba. Wasa ne mai kyan gani da daɗin yi, amma yana nuna matsalar ƙarara. Mai tsara mataki bai san ƙarfin jirgin da zai shigo masa ba. Ga wanda bai tara ba, matakin ya fi ƙarfinsa. Ga wanda ya tara da yawa, ya zama wasan yara. Tsakiyar nan mai daɗi, inda mutum ke tsira da kyar saboda ya iya, ita ce ke ɓacewa. Maki ma sun rasa ma'ana, don ba a gasar tsere tsakanin mai keke da mai babur.

A wasannin da ake saukewa kyauta kuwa, gajiyar tarin ita ce hajar da ake sayarwa. Ana tsawaita ta ne don a sayar da hanyar gajarce ta. Matashin da ke kallon talla bayan talla don ninka taurari yana biya da datarsa da cajin wayarsa da lokacinsa, yaron da ya samu wayar da aka haɗa da katin banki kuma yana iya biya da kuɗin iyayensa.

Masu kare tsarin suna da hujja. Ba kowa ke da watanni na haddace mataki ɗaya ba, kuma wanda ya dawo aiki a gajiye yana da haƙƙin ya ga ya ɗan matsa gaba. Vampire Survivors na Luca Galante, wanda ke kusa da wannan dangi, ya ginu kacokan a kan buɗe sababbin abubuwa, ya kuma lashe kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2023. Amma a cikinsa mai wasa na iya karɓe duk zinaren da ya kashe wajen ƙara ƙarfi ya sake shiri, ko ya koma yadda ya faro.

Abin da ya kamata a nema daga masu ƙera wasa bai da yawa. Su ware tsarin da kowa ke farawa da jirgi iri ɗaya, da nasa allon makin daban. Su tsara kowane mataki ta yadda gwani zai iya wuce shi da jirgin ranar farko. In akwai katangar da sai da tari ko kuɗi ake tsallake ta, a faɗa a shafin saukewa tun kafin mutum ya ƙona datarsa.

Akwai waɗanda suka nuna yana yiwuwa. ZeroRanger, wanda ƙaramin kamfanin System Erasure na ƙasar Finland ya fitar a 2018, yana bai wa mai wasa ƙarin damar ɗorawa gwargwadon makin da ya tara a zamansa na baya. A ƙarshen wasan sai ya nemi mutum ya sa duk abin da ya tara a faifai kafin karon ƙarshe. In ya faɗi, ajiyarsa ta goge, ya koma mataki na ɗaya.