A Maido wa Tanimun Harshensa

Akwai masu zargin marigayi André Salifou, ɗan Damagaram, da cin amanar Hausa don ya rubuta wasan kwaikwayonsa, Tanimoune, da Faransanci. Zargin ba shi da tushe. Brian Friel na ƙasar Ayalan da Ingilishi ya rubuta Translations, wanda aka fara nunawa a Derry a 1980, kuma da harshen masu mulkin ya fallasa yadda suka sauya sunayen garuruwan ƙasarsa.

Salifou ya sauke nauyinsa. Saura namu, malamai da ƙungiyoyin al'adu. Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884, shekara 15 kafin Faransawa su ci Zinder. Ina dalilin da jikokin talakawansa za su nemi tafinta kafin su ji maganarsa? Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, uzuri ya ƙare. Mu mayar da wasan Hausar Damagaram, ɗalibanmu su nuna shi a ƙofar fada, tsofaffin Birni su gyara musu kirari.