Wace Na'ura Za Mu Saya, Me Za Mu Zuba a Ciki?

Karatu: Afisawa 5:15-20, Filibiyawa 4:8



Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya kuma daina yin ta a 2022, don waya ta ƙwace mata aiki. Duk da haka ƙananan na'urorin MP3 suna nan a kasuwanninmu, kuma ra'ayinmu shi ne matashin da yake son tsare lokacinsa da Allah ya kamata ya mallaki ɗaya.

Wani zai ce, waya ai tana yin komai, don me za a ƙara kashe kuɗi? Yin komai ɗin nan shi ne matsalar. Mutum ya sa waƙar yabo da asuba kafin addu'a, sai saƙon WhatsApp ya shigo, daga nan sai TikTok, kafin ya ankara lokacin fita ya yi, bai durƙusa ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa su yi hattara da lokacinsu, kuma a wuri ɗaya ya ce su riƙa yi wa Ubangiji waƙa daga zuciya. Abubuwan biyu tare suke tafiya. Saboda haka sharaɗinmu na farko shi ne mu zaɓi na'urar da ba ta hawa intanet sam.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. Mu duba batir, domin wuta ba kullum take ba. Wadda ake caji da irin cajar wayarmu ta fi. Mu nemi mai wurin sa katin memori, mai maɓallan da za a taɓa ba sai an kalla ba. Ta kuma iya ci gaba daga inda aka tsaya, in ba haka ba duk wanda ke sauraron Littafi Mai Tsarki ko wa'azi mai tsawo zai yi ta komawa farko. Girman memori kada ya ruɗe mu. Waƙar minti 4 takan ci kusan MB 4, wato katin GB 8 zai ɗauki waƙoƙi wajen 2,000, sauraron fiye da kwana 5 ba tsayawa. Akwai kuma katunan jabu da aka rubuta musu GB 64 alhali ba su kai ba, sai waƙoƙi su riƙa lalacewa. Araha ba ta ado. A gwada kafin a biya.

Amma babban zaɓi ba a wurin saye yake ba, a wurin zubi yake. Al'adar da aka saba ita ce a miƙa wa mai tura waƙoƙi kati a ce ya cika shi. Shi kuwa abin da ke cikin kwamfutarsa zai juye, mai kyau da marar kyau. Wanda ya yi haka ya ba baƙo damar zaɓar kalmomin da za su yi ta yawo a kansa har wata da watanni. Mu zauna mu zaɓa da kanmu, mu auna kowace waƙa da ma'aunin Filibiyawa 4:8. Mu sa waƙoƙin da muke rerawa a sujada, da na mawaƙan ikilisiyarmu, da na irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange, da karatun Zabura. Ba muna cewa duk waƙar da ba ta ambaci Yesu ba zunubi ce. Muna cewa ne mu san abin da muka shigar. Inda kuma mawaƙi yake sayar da aikinsa, mu saya, domin 1 Timoti 5:18 ta koya mana ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Dalilin wannan tsanani yana cikin Ayyukan Manzanni 16. Bulus da Sila suna kurkuku a Filibi, an yi musu dūka, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suka yi ta addu'a da waƙar yabo. Babu littafi a hannunsu, babu na'ura. Abin da suka riga suka tara a zuciya shi ya fito. Ranar da ciwo ko rasuwa ko tsoro ya zo mana, waƙar da muka fi maimaitawa ita za ta hau bakinmu.

Mu kuma kula da kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, gama jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In mama tana kira, ko muna tsallaka titi, ko an shiga majami'a, a cire iyafis. Waƙar da muka koya a kaɗaice, mu kawo ta zumunta mu rera tare.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikimar zaɓen abin da muke ji, ka cika zukatanmu da yabonka, cikin sunan Yesu. Amin.