Ra'ayinmu: Saye ne, ko kuwa haya?

Jama'a, duk wanda ya san kasuwa ya san in mai kaya ya ce "na sallama", magana ta ƙare. Buhun gero in ka biya naka ne, ka ci, ka sayar, ka ba maƙwabci, ba ruwan wanda ya sayar maka. To amma akwai wata haja da ke shigowa shagunanmu da gidajenmu wadda ba ta bin wannan ƙa'ida, wato manhajojin kwamfuta da wasannin da yara ke yi a cikinta. Kuma kuɗin iyaye ne ke tafiya can, sau da yawa kuɗin adashen uwa.

Duk lokacin da za a ɗora wasa a kwamfuta, sai wani dogon rubutu ya fito da Faransanci ko Ingilishi, a ƙarshensa a ce ka latsa "na yarda". Wa ke karantawa? Mu kanmu da muka yi boko ba mu karantawa. Alhali a ciki ne kamfani ke rubuta cewa bai sayar maka da kayan ba, izinin amfani kawai ya ba ka, abin da suke kira lasisi.

Ga abin da wannan ke haifarwa. A shekarar 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fito da wani wasan tseren motoci mai suna The Crew, mutane suka saya da kuɗinsu. Wasan ba ya tafiya sai ya haɗu ta intanet da manyan na'urorin kamfanin. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe na'urorin nan, shi ke nan wasa ya mutu, har ga wanda ke riƙe da faifansa a hannu. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara.

Wani lokaci kuma ba mai wasan ne ke rufe ƙofa ba, sabon tsarin kwamfutar ne. Wasanni da yawa na da an sa musu wani makulli a kan faifai, mai suna SafeDisc, don kada a kwafe su. Da Windows 10 ta fito a 2015, sai kamfanin Microsoft ya ƙi wannan makulli, ya ce kafa ce da ɓarayin intanet za su iya bi. Abin takaici, wanda ya sayi faifai na gaskiya shi ya rasa wasansa. Apple ma a 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu yawa a kwamfutocinsa. Ita kanta Windows 10, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi mata, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su iya ɗaukar Windows 11. Irin su ne kuwa ake kawowa na hannu ana sayarwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

A can waje mutane ba su yi shiru ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta hana shagunan intanet su ce "saya" ba tare da sun bayyana cewa lasisi ne ba. A Turai kuma, a 2025, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu suna neman a hana kamfanoni kashe wasan da aka riga aka biya.

Mu ba mu da ƙarfin da za mu ja da waɗannan kamfanoni, amma tsakaninmu muna iya gyarawa. Alhaji mai shago, in ka san kwamfutar nan ba ta ɗaukar sabon tsari, faɗi wa mai saye, ko da zai rage maka jikka biyar. Ɓoye aibin kaya ba ciniki ba ne, kuma gobe ma wurinka zai dawo. Ke kuma Hajiya, in ɗanki ya matsa sai an saya masa, kada ki yi cinikin biri a sama. Ki sa a kunna kwamfutar a gabanki, a ɗora wasan, a cire intanet a ga ko zai tafi, sannan ki kwance bakin zane.