Wane Gini Ne Ke Bukatar Injiniya? Tambaya Ga Masu Ba Da Kwangila A Zamfara

Tun daga 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, garin Gusau ya yi ta faɗaɗa, rukunin shaguna masu hawa biyu da uku suna ta tashi a bakin manyan tituna, haka kuma abin ya fara yaɗuwa zuwa Tsafe da Bungudu. Har a ƙauyuka irin su Ruwan Bore, inda aka saba da ginin ƙasa da azara, yanzu ajin makaranta da ɗakin shan magani da masallacin Juma'a duk na bulo da siminti ake so. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ya yi lissafin nauyin da waɗannan gine-gine za su ɗauka?

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan da ke sa hannu a takardun kwangila, suna ɗauka cewa mai zanen gini da injiniya duk abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Mai zane shi ke tsara fasalin gini da ɗakuna da ƙofofi. Injiniyan ƙarfin gini kuwa shi ke auna ƙasar wurin, ya faɗi zurfin harsashi, da kaurin ginshiƙi, da yawan rodin da za a sa, da irin kwaɓin kankare. Birkila, kome gwanintarsa, abin da ya gani a wani ginin yake maimaitawa.

Lalle ba kowane gini ne ke bukatar injiniya ba. Shago ɗaya na ƙasa mai rufin kwano, ƙwararren magini ya isa. Amma da zarar an ce za a zuba dekin, magana ta canja. Kankare mai kaurin inci 6 yana da nauyin kimanin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Watau rufin aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 9 ya haura tan 22, tun kafin a ɗora bango da benci da yara a kansa. Haka nan duk wani zaure mai faɗi wanda ba ginshiƙi a tsakiya, kamar masallaci ko ɗakin taro, da tankin ruwa na sama (lita 5,000 tan 5 ne cif), da ginin da za a kafa a fadama ko a tsohon kududdufin da aka cike da shara. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ƙara hawa a kan tsohon gini wanda tun farko ba a haƙa harsashinsa don haka ba, kuma wannan ita ce al'adar masu shaguna in kasuwa ta buɗe.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga sakamako. A ran 30 ga Agusta, 2022, wani bene mai hawa uku da ake cikin ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, ya danne mutane. A ran 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saint Academy ya faɗi a Jos ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Na Ikoyi a Ikko, a Nuwamba 2021, ya fi ban takaici, domin injiniyoyin da suka fara aikin sun riga sun rubuta takarda tun 2020 sun janye hannunsu, aka ci gaba da ɗora hawa har 21, sama da mutum 40 suka hallaka.

Tsofaffin gine-ginen jama'a ma suna da nasu hakkin. Babban Masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajen shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a kan masallata lokacin sallar La'asar a ran 11 ga Agusta, 2023. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Da ma kakanninmu ba su taɓa sakin babban gini ga kowa ba. Akwai Sarkin Magina, shi ke da ta cewa a kan soro da bakan gizo.

Doka kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ce ta kafa majalisar rajistar injiniyoyi, watau COREN, kuma tun 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. A bisa ƙa'ida, hukumar tsara birane ba za ta amince da bene ba sai da zanen ƙarfin gini mai hatimin injiniya mai rajista. Inda gizo ke saƙar shi ne, hatimin sayensa ake yi, mai hatimin kuwa bai taɓa taka wurin aikin ba. Sai ɗan kwangila ya rage rodi, ya ƙara yashi, ya cire katakon tokare bayan mako guda, alhali kankare sai ya kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka lissafa masa.

A ganinmu, nauyin ya fi rataya a kan ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatar ayyuka, domin su ke biyan kuɗin aji da asibiti. Wuri kamar Ruwan Bore, inda matsalar tsaro ta sa jami'an duba aiki ke jin nauyin zuwa, nan ne ɗan kwangila ya fi samun sake. Ya kamata kada a biya kashi na biyu na kuɗin kowace kwangila mai dekin sai an ga takardar da injiniya ya sa wa hannu a wurin aikin, da sunansa da lambar rajistarsa, cewa ya ƙirga rodin da idonsa kafin a zuba kankare a rufe shi.