Doka da Zaman Jama'a: Karantar da yaro a gida a ƙasar Faransa, sai da izinin hukuma

Tun ranar 28 ga Maris 1882, lokacin da minista Jules Ferry ya kafa dokar karatun tilas a Faransa, abin da doka ta wajabta shi ne ilimin yaro. Zuwa lakwal kuwa hanya ɗaya ce cikin hanyoyin samun sa. Uban da ya ga dama yana iya karantar da ɗansa a gida. A wancan zamani tilas ɗin ya tsaya daga shekara 6 zuwa 13. A 1959 aka kai shi shekara 16, a 2019 kuma aka sauko da farkonsa zuwa shekara 3.

Shekaru da dama, mai son karantar da ƴaƴansa a gida takardar sanarwa kawai yake aika wa hukuma. Wannan hali ya sake bayan jawabin shugaba Emmanuel Macron na 2 ga Oktoba 2020, inda ya nuna damuwa game da yaran da ake cirewa daga makaranta ana tarbiyyantar da su nesa da idon gwamnati. An kafa doka ranar 24 ga Agusta 2021, ta fara aiki a komawar makarantu ta Satumba 2022. Daga nan sanarwa ta daina isa: sai an nemi izini an samu.

Dalilai huɗu ne kaɗai doka ta amince da su. Na farko, rashin lafiyar yaro ko nakasa. Na biyu, yaron da ya duƙufa ga wasannin motsa jiki ko wata fasaha. Na uku, iyalin da ke yawo ba su da mazauni guda, ko waɗanda gidansu ya yi nisa da makarantar gwamnati. Na huɗu, wani hali na musamman da ya keɓanta ga yaron. A nan dole iyaye su rubuta tsarin karatun da za su bi, mai karantarwar kuma ya kasance yana da bakaloreya ko takarda daidai da ita. Ra'ayin iyaye na addini ko na siyasa ba ya cikin dalilan da ake karɓa.

Ana kai takardun neman izini ga daraktan ilimi na jihar tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Mayu. In hukuma ta yi wata biyu ba ta ba da amsa ba, doka ta ɗauki shirun nata a matsayin yarda. Izinin na shekarar karatu ɗaya ne, sai a sake nema. Na rashin lafiya ne kaɗai kan kai shekara uku.

Samun izini ba ya raba iyali da bincike. Ma'aikatan magajin gari kan ziyarci gidan a shekarar farko, sannan kowace shekara biyu. Sufetocin ilimi kuma kan jarraba yaron aƙalla sau ɗaya a shekara. In sakamako ya kasa gamsarwa har sau biyu, sai a umurci iyaye su sa shi makaranta cikin kwana 15. Wanda ya ƙi bin umurnin yana fuskantar ɗaurin wata 6 da tarar Yuro 7.500, wato kusan miliyan 5 na kuɗin sefa.

Masu goyon bayan dokar na cewa yaro na da haƙƙin cuɗanya da tsaransa, hukuma kuma na da alhakin sanin halin da yake ciki. Masu suka na cewa laifin ƴan kaɗan ne aka ɗora wa iyalai masu gaskiya, kuma dalili na huɗu bai fito fili ba, har jiha ta karɓi abin da wata ta ƙi.

Dokar ta shafi duk yaron da ke zaune a Faransa, ɗan ƙasa ko baƙo. Saboda haka ɗan Nijar da ya kai iyalinsa can, don karatu ko aiki, ya sani cewa ajiye yaro ɗan shekara 3 a gida ba tare da izini ba laifi ne a idon hukumar ƙasar. Gara ya shirya takardunsa kafin ƙarshen Mayu.