Wa Zai Zuba wa Faifan Mai?



A zangon karatun da ya gabata, ina tsakiyar darasin kimiyya da 'yan aji biyar, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni game da faifan nan da ke girke a kan rufin gidan kallon ƙwallo. Ya ce, "Malam, tunda yana jin abin da ke zuwa daga sama, in aka juya shi wajen taurari zai ji su?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ma saura ƙiris in taya su, sai na tuna cewa yaron ya fi mu gaskiya. Akwai faifai irin wannan a duniya, sai dai girmansa ya ninka na gidan kallo sau ɗaruruwa, kuma ba shi da wani aiki dare da rana sai sauraron sararin samaniya. Tun daga ranar nake bibiyar labarin waɗannan na'urori, kuma abin da na tsinta a ciki ya fi shafar makarantunmu na Badarawa da Kaura da Zurmi fiye da yadda ya shafi Zara da Gamzaki.

Taurari ba haske kaɗai suke fitarwa ba. Suna fitar da igiyoyin rediyo, dangin waɗanda akwatin rediyonmu ke kamawa. Wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, shi ya fara gano haka a 1932, yana neman musabbabin wani "shuu" da ke damun layukan sadarwa, sai ya iske daga tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke ciki yake fitowa. Faifan yana tattara waɗannan igiyoyi ne kamar yadda indararo ke tattara ruwan rufi, ya tura su wuri ɗaya inda makarɓi yake, kwamfuta kuma ta mayar da su lissafi da hoto. Rana ba ta hana shi aiki, haka gajimare da hazon hunturu ba su cika dame shi ba.

To amma saƙon da ya yi tafiyar dubban shekaru kafin ya iso, a galabaice yake isowa. Saboda haka komai na wannan na'ura sai an lallaɓa shi. Makarɓin ana sanyaya shi da iskar hiliyom har ya kai sama da digiri 250 ƙasa da sifiri, don kada ɗuminsa na kansa ya danne muryar da ake nema. In wuta ta ɗauke, sanyin ya tafi, maido da shi ba aikin sa'a ɗaya ba ne. Fuskar faifan dole ta zauna daidai, ba lotsawa ba kumburi. Shi ya sa ake shafe shi da farin fenti, don kada zafin rana ya buɗa ƙarfen wani gefe ya bar wani. Kuma da yake taurari suna ketawa daga gabas zuwa yamma, dole faifan ya riƙa binsu a hankali, a kan tayoyi da haƙoran ƙarfe masu neman mai da dubawa kullum. Na Green Bank a Amurka faɗinsa mita 100 ne, nauyinsa ya haura tan 7,000, kuma kowace shekara lokacin zafi masu fenti na hawansa suna bi sashe-sashe. Kafin su kai ƙarshe, farko ya soma neman hannu. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan: yaɓe ba a gama shi, sai dai a huta zuwa baɗi.

Mu dubi abin da ke faruwa in aka yi jinkirin yaɓen. A tsibirin Fuwato Riko a da akwai faifan Arecibo, wanda aka buɗe a 1963. Faɗinsa mita 305, kuma ya shafe fiye da shekara hamsin babu faifai guda da ya kai shi, sai a 2016 da Sin ta kammala nata mai mita 500. A samansa an rataye wani dandamali mai nauyin kusan tan 900 da igiyoyin ƙarfe daga hasumiyoyi uku. A watan Agusta na 2020 igiya ɗaya ta zame daga mazauninta ta yaga faifan. A Nuwamba wata ta tsinke. Ranar 1 ga Disamba dandamalin ya rikito gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Binciken da masana suka fitar a 2024 ya nuna cewa igiyoyin sun daɗe suna zamewa kaɗan-kaɗan daga mazaunansu, an kuma ga alamar, musamman bayan guguwar 2017, amma ba a ba ta nauyin da ya kamata ba. Kafin nan ma an shafe shekaru ana rage kuɗin tafiyar da wurin. Wannan fa a hannun Amurka ne, ba a hannun ƙaramar hukuma ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ko bangon na wane ne.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa kuwa na maƙwabtanmu ne. A Kutunse, kusa da babban birnin Gana, akwai wani faifai mai faɗin mita 32 da aka girka a 1981 don sadarwar tarho da ƙasashen waje ta tauraron ɗan'adam. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka zo, sai aikinsa ya ƙare, aka bar shi yana tsatsa. Mutanen Gana, da taimakon Afirka ta Kudu, ba su ce a sayar wa 'yan gwangwan ba. Suka wanke shi, suka kankare tsatsa, suka sake fenti, suka canza ƙafafun da ke riƙe da ƙaramin madubinsa. Da can ido ɗaya yake kallo, wato tauraron sadarwa da ba ya gusawa daga inda yake. Sai da aka sake masa injinan juyawa kafin ya iya bin taurari. Aka tura matasan Gana suka koyo aikin, masu walda da masu wayar lantarki da masu kwamfuta. A watan Agusta na 2017 shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe shi a matsayin na'urar sauraron taurari. Yawancin wannan aiki, in aka duba da kyau, gyara ne. Tsohon abu ne aka ƙi yarda ya mutu.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen farawa. Muna da tashoshin sadarwa masu manyan faya-fayai irin wannan a Lanlate ta jihar Oyo da Kujama kusa da Kaduna. Muna da masani irin marigayi Farfesa Samuel Okoye, wanda ya yi digirinsa na uku a wannan fanni a Kambirij ta Ingila a shekarun 1960, tare da Antony Hewish da ya zo ya sami kyautar Nobel. Muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Duk da haka, da aka zo lissafin ƙasashen Afirka takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a babban shirin SKA, akwai Gana da Kenya da Zambiya da Namibiya a ciki, babu Nijeriya. Ba zan ce dalili ɗaya ne ya jawo haka ba. Amma duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda dogo ya iso tun 1929, ya dubi ciyawar da ta cinye layin, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan yadda muke da abin da aka riga aka gina.

Yanzu bari in sauko gida, don nan ne maganar take. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, wata ƙungiya ta kawo mana farantan sola da batura da kwamfutoci kaɗan. An yi taro, an kafa rumfa, an yanke ƙyalle, an ɗauki hotuna, yara sun yi fareti. Wata bakwai muka ji daɗinsu. Daga nan hazo ya lulluɓe farantan, ba wanda aka ɗora wa alhakin gogewa. Ruwan batura ya ƙafe, ba wanda aka gaya wa cewa ana ƙara musu ruwa. Ranar da wuta ta ƙi zuwa, shugaban makaranta ya kulle ɗakin, don yana tsoron kada a ce shi ya lalata. Ya rubuta takarda, ba amsa. Bayan shekara biyu wani mai gyara da ya zo ɗaurin aure garin ya leƙa, ya ce da an kira shi tun farko abin da za a kashe bai kai kuɗin rumfar ranar buki ba; yanzu kuwa baturan sun mutu murus. Ni ma ina cikin masu laifi. Kullum nakan wuce ta gaban farantan nan ina ganin ƙura a kansu, ban taɓa ɗaukar tsumma ba, don a ganina ba aikina ba ne.

Na san kowannenku yana da irin wannan labari: famfon tuƙa-tuƙa da ya tsaya saboda roba ɗaya, akwatin kayan kimiyya da gara ta cinye a ofis, kwanon rufi ɗaya da iska ta ɗaga a farkon damina aka bar shi har ya ja sauran.

Wani zai ce, Malam, kana ina? Muna fama da 'yan bindiga, wasu makarantun an watse, ƙarin girma ya maƙale, albashi ba ya kai tsakiyar wata, kai kuma kana zancen taurari. Ban musa ko ɗaya ba, a cikinsu nake kwana nake tashi. Har ma akwai wani abin takaici mai kama da dariya. Masu sauraron taurari babu abin da suke nema kamar shiru. A kewayen Green Bank an keɓe yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 34,000 tun 1958 inda aka taƙaita na'urorin watsa saƙo, kuma kusa da faifan wayar hannu ba ta da sabis. A Ostareliya masana sun yi shekaru suna mamakin wani saƙo da faifan Parkes ke kamawa, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abincin ma'aikata ce in an buɗe ta kafin ta tsaya. Shirun da su suke nema da doka da kuɗi, mu a watan Satumba na 2021 an sauke mana shi a Zamfara kyauta, lokacin da aka rufe makarantu aka kuma katse layukan waya. Da aka dawo, abin da muka tarar a azuzuwa kowa ya gani. Wannan ne ma hujjata: a inda sabon abu ba ya zuwa da sauƙi, kuma ɗan kwangila ke tsoron hanya, abin da ke hannu shi ne dukiya. Wanda ke da rijiya ɗaya ya fi kowa bukatar yasa.

Saboda haka ina da shawara ga reshenmu. Duk lokacin da shugabanninmu suka zauna da hukuma, bayan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, a ƙara maganar kuɗin gyara: wani kaso sananne, komai ƙanƙantarsa, da zai riƙa isa kowace makaranta kowane zango, a hannun shugaban makaranta da kwamitin iyaye da al'umma, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya don ilimin tushe. Ba roƙo ba ne in mun tambayi nawa ne a ciki ke zuwa ga riƙe abin da aka gina. Haka kuma kada wata makaranta ta sake karɓar kyautar na'ura sai an koya wa malamai biyu yadda ake kula da ita, an bar takardar bayani da lambar mai gyara. Biyu na ce, don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada ilimin ya bi shi. Kuma ƙungiya ta tsaya wa duk malamin da kaya ya lalace a hannunsa yana cikin koyarwa da shi. Muddin ana tuhumar wanda ya yi amfani da kaya, ana yaba wa wanda ya kulle su, to kullewa za a ci gaba da yi.

Akwai kuma wanda ba ya bukatar izinin kowa. A kowace tashar sauraron taurari akwai littafin aiki, inda mai tsaron dare ke rubuta abin da ya gani: ƙarfin iska, zafin makarɓi, wata ƙara da bai saba ji ba a cikin inji. Na sayi littafi mai shafi arba'in na rataye shi a bayan ƙofar ajinmu. Kowace Alhamis yara biyu sukan zagaya su rubuta abin da ya fara lalacewa, da kwanan wata, da wanda aka gaya wa. Ba na ɗaukar wannan a matsayin shara ko aikin horo. Darasin kimiyya ne, don lura da rubutawa da komawa a sake dubawa su ne farkon aikin kowane injiniya. Masu riƙe da faifan Kutunse a yau, wani malamin firamare ne ya fara koya musu riƙe fensir.

Yaron nan mai tambaya shi na fara ba littafin. A makon farko ya rubuto abu goma sha ɗaya, ciki har da ƙusar allon da nake rubutu a kai shekara uku ban lura tana fita ba. Mun gyara bakwai da guduma da tsumma da man gyaɗa. Sauran huɗun suna bukatar kuɗi, kuma su zan zo da su a rubuce taron reshe mai zuwa. Ina roƙon kowace makaranta ta zo da nata.