Dubai Ko Alƙahira? Gaskiyar Da Masu Albashi Ba Su Son Ji

Yau zan taɓo inda yake yi wa wasu ƙaiƙayi, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Ma'aikacin gwamnatin da ya shekara biyu ko uku yana tara kuɗi don ya fita waje ya huta sau ɗaya a rayuwarsa, sannan ya ɗauki kuɗin nan ya kai Dubai, wallahi ya cuci kansa. In dai zaɓin tsakanin Dubai da Alƙahira ne, kuma aljihun irin namu ne, to Masar ta fi. Ga dalilaina, sai mu yi muhawara da hujja.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne uban tafiya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Shi kuwa dirhamin Dubai an ɗaure shi da dala, dirhami 3.67 dala ɗaya, shekara da shekaru ba ya motsi. Ma'ana duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala, ta yi ta a gaban dirhami cif-cif. Fam ɗin Masar kuwa ɗan'uwan naira ne a wahala. A Maris na 2024 ya faɗo daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya. Talaka ya ziyarci talaka, ai an fi fahimtar juna.

A ce ka tara naira miliyan uku. Mu yi lissafi da 1,500, dala 2,000 ke nan. Kafin ka taka jirgi an zaftare fasfo, wanda tun Satumban 2025 ƙaraminsa naira 100,000 ne. Ga biza, ga tikitin jirgi da zai cinye kaso mafi tsoka. Abin da ya rage shi ne hutun naka gaba ɗaya: masauki, abinci, mota, tsaraba. To a Dubai tikitin hawa Burj Khalifa kaɗai, wannan gini mai tsawon mita 828, kusan dala 50 ne. Ku lissafa da kanku. Gwamna Nasir Idris ya sa mafi ƙarancin albashi a Kebbi naira 75,000. Albashin masinjan ofishinmu na wata guda ke nan, don ka hau lif ka leƙa ta gilashi ka ɗauki hoto ka sauko. A Alƙahira shiga harabar dalar Giza bai kai dala 20 ba. Masallacin Azhar kyauta ne. Jirgin ƙasan cikin gari bai kai rabin dala ba. Farantin koshari da zai riƙe ka har dare, kuɗinsa ba zai sa ka yi salati ba.

Na biyu, hanya. Mu mutanen Ambursa mun fi kowa sanin jirgi, tunda filin jirgin Sir Ahmadu Bello a bayan gidajenmu yake, kuma daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024. Amma in ba lokacin Hajji ba, wanda zai fita waje sai ya nemi Kano, Abuja ko Legas. Daga Kano, EgyptAir na zuwa Alƙahira kai tsaye. Emirates kuwa da ya dawo a Oktoban 2024, Legas ya dawo. In ba ka son zuwa Legas, sai ka ratsa ta Addis Ababa, ko Doha, ko kuma, ku ji abin dariya, ta Alƙahiran ita kanta. Ka sauka a garin da ya fi arha, ka zauna a kan benci kana hamma, sannan ka ƙara kuɗi a wuce da kai garin da ya fi tsada. Wannan wace irin dabara ce?

Na uku, mutunci. Mun cika saurin mantuwa. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, malami da ɗan kasuwa da ɓarawo duk aka haɗa mu a kwando ɗaya. Sai a Yulin 2024 aka buɗe, kuma da sharuɗɗa masu tsauri. Ƙasarsu ce, suna da ikon rufe ƙofarsu, ban yi musu gardama ba. Amma ni ina da ikon tambaya: gidan da aka kore ka kusan shekara biyu, mi ya sa da an ɗan buɗe ƙofa kai ne farkon shiga da guminka a hannu? Masar ma sai da biza, ba a ce leƙa ka shige ba. Ka tanadi takardar wurin aiki da bayanin asusun banki, ka nema da wuri, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito.

Na huɗu, me za ka je gani? An gina Dubai ne don wanda ya zo kashe kuɗi. Manyan kantuna, zinariya, otal-otal, motoci. Mai kuɗi zai ji daɗinta ƙwarai. Kai kuwa mai mataki na 12 ko 13, za ka wuni kana zagaya kanti kana kallon farashi kana haɗiyar yawu, ka koma ɗaki ka jiƙa garin da ka ɓoye a jaka. Alƙahira kuwa akwai tarihinmu a cikinta. Mansa Musa ya yada zango a can a 1324 kan hanyarsa ta Hajji. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu makaranta da masauki a garin tun ƙarni na 13. Imam Suyuɗi, wanda ake karanta tafsirin Jalalaini nasa a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi duk azumi, mutumin Alƙahira ne, kuma ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Azhar ta haura shekara 1,000. Masallacin Amru ɗan Asi yana nan, kabarin Imam Shafi'i yana nan, kasuwar Khan al-Khalili tana nan, ga kogin Nilu. Ga kuma ɗalibanmu da ke karatu a can, waɗanda za su nuna maka gari da Hausa, ka yi musu alheri su ji daɗi.

Na san abin da za a ce. Alƙahira akwai ƙura, akwai cunkoso, masu raƙuma a Giza za su bi ka da roƙon bakshish har ka gaji. Gaskiya ne. Dubai ta fi tsafta, ta fi tsari, ba mai musu. Amma wanda ya saba cinikin rago a kasuwar Ambursa ana gobe Sallah, mai raƙumin Giza ba zai ba shi tsoro ba. Ka yanke farashi kafin ka hau, shi ke nan.

Wani zai ce 'yan kasuwarmu na zuwa Dubai suna samun riba. Ƙwarai kuwa. Wanda zai je Deira saro waya ko turare, aiki ya je, kuɗinsa zai dawo da 'ya'ya. Da mai hutu nake magana, wanda nasa kuɗin in ya tafi ya tafi. Wani kuma zai ce a tafi Umara mana. Wanda ya yi wannan niyya Allah ya karɓa, ibada ce, ba na sa ta a sikeli ɗaya da yawon buɗe ido.

Abin da ya fi damuna shi ne bashi. Mu daina yaudarar juna, yawancin masu rububin Dubai a cikinmu hoton suke so, a gan su a Facebook a gaban dogon gini, a ce Alhaji ya faso gari. Sai mutum ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, ko ya kwashe adashen uwargida, ya yi kwana biyar, ya dawo ana yankar albashinsa shekara guda. Kuɗin makarantar yara ya zo, damina ta zo ba takin zamani, buhun shinkafa ya ƙare a gidan da ke tsakiyar jihar shinkafa. Waɗanda suka danna maka alamar so ba za su biya ko sisi ba. In da bashi za ka tafi, to ba Dubai ba Alƙahira. Ka ɗauki iyali ka kai su Argungu su ga gidan tarihin Kanta da Matan Fada, a ci kifi a dawo kafin magariba, mutuncinka na nan.

In kuwa guminka ne ka tara, ba hakkin kowa a ciki, ka je ka ga duniya, ba laifi ba ne. Amma ka je inda kuɗinka zai yi maka kwana goma kana ci kana ƙoshi. 'Yan Dubai, na san kuna nan kuna karantawa. Ku zo da lissafinku a naira, a gaya mana nawa aka kashe da kuma nawa ya rage a biya.